Hoton Hajja Rabi'atu a jarida

Hajja Rabi'atu mai sayar da atamfa ce a Roumdé Adjia, kuma ita ce shugabar matan jam'iyya na unguwar. A shekarar 1975, ranar da manyan baƙi suka zo daga Yaoundé, aka ba ta minti biyar ta yi maraba. Ta yi minti ashirin tana maganar ruwa: mata na yini a layin famfo guda, ga kogin Binuwai kwance a gefen gari. Ta yi da Fulatanci, ta maimaita da Hausa, ƙawarta Cécile, malamar makaranta, tana juyawa da Faransanci.

Tana gamawa iska ta fizge takardarta ta yar gaban kujerar babban baƙon. Ta sunkuya ta ɗauka.

Bayan kwana uku jarida ta iso a jirgi. Cécile ta kawo mata har gida, tana danne dariya. Ga Hajja a shafi na biyu, sunkuye gaban baƙon, shi kuma yana murmushi.

"Me suka rubuta a ƙasa?"

"Wai matan arewa na nuna godiya, Hajja."

"Ruwan fa?"

"Babu ko ɗigo."

Mijinta Malam Iliyasu ya karɓi jaridar, ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Shekara ashirin da biyu muna tare," ya ce, "ban san bayan nan naki yana lanƙwasuwa haka ba."

"Malam, shayinka na hucewa."

A kasuwa abin ya fi haka. Duk wadda ta zo taya atamfa sai ta rusuna har ƙasa ta ce, "Muna godiya." Wasu kuwa da gaske suka ɗauka, wata tsohuwa ta ce ashe an aike ta neman ruwa ta je neman suna. Wannan ita ce ta yi mata zafi.

Ta yafa mayafi ta tafi shagon Antoine mai hoto, wanda ya ɗauki hotunan ranar.

"Madam, hoto goma sha biyu na aika wa masu jaridar," ya ce. "Su suka zaɓa."

Ya baje mata sauran a tebur. A ɗaya tana tsaye, yatsa a sama, baki buɗe, baƙin kuwa kowa ya dubi takalminsa.

"Wannan me ya hana su?"

Antoine ya sosa ƙeya. "Sun ce kamar kina faɗa."

"Faɗa nake. Wanke mini shi, babba."

Ta liƙa shi a bakin rumfarta, ta liƙa na jaridar a gefensa, ba ta rubuta komai ba. Mata suka riƙa tsayawa suna duba wannan su duba wancan. Tsohuwar nan ma ta zo, ta kalla, ta sayi kallabi ba ta taya ba.

Damina biyu suka wuce kafin a kafa famfo uku a unguwar. Jarida ta sake zuwa da hoto: maza bakwai cikin manyan riguna kewaye da famfo, ɗaya na murɗawa. Cécile ta bincika ba ta ga mace ba. Malam Iliyasu ne ya sa yatsa a can gefe, inda aka yanke hoton.

"Ga ta nan. Wannan gwiwar hannun ko cikin dubu na san ta."

Hajja ta leƙa. "Atamfar dai ta fito da kyau," ta ce. "Saura turmi huɗu a rumfa."