Tarwaɗa a Ramin Lif

A ofishinmu na kula da gine-gine a Birnin Kebbi ni kaɗai ce na karanci aikin lif, don haka duk benen da aka saka wa shi, sai na duba na sa hannu kafin a bar mutane su hau. Aikin ba shi da yawa. Lif ɗin garin nan kaf ba su cika yatsun hannu biyu ba, kuma na san halin kowanne.

Na Kawu Ummaru ne ya tsaya mini a wuya. Kawu yayan mahaifiyata ne, a gidansa na tashi, shi ya kai ni makaranta lokacin da dangi ke cewa mace da sifana ba su dace ba. Noman shinkafa ya yi a Gulma shekara talatin, da Allah ya buɗa masa sai ya gina masaukin baƙi mai hawa huɗu a Badariya. Ranar Asabar za a buɗe, ni kuma na je ranar Laraba da tocila da takarduna.

A bakin ƙofa na same shi da Anayo, makanikin da ya haɗa lif ɗin, wanda ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi ta wasunmu. Na durƙusa na gaida Kawu.

"Zuhura, ɗiyata, sa hannu kawai ki tahi," in ji shi yana dariya. "Abin ga sabo na, ko leda ba a ɓare ba."

Na ce sai na gani da idona. Sama lafiya lau, igiyoyin ƙarfe da birki duk ba laifi. Daga nan na sa Anayo ya tsayar da lif a hawa na biyu ya kashe wuta, muka buɗe ƙofar ƙasa don in leƙa ramin da ke ƙarƙashi. Na ga ya fara sosa ƙeya tun ban haska ba.

Ruwa ne a ciki, ya kai gwiwa. Ina haskawa wani abu ya yi wutsil ya fantsama mini ruwa a fuska. Tarwaɗa! Manya guda uku, sun yi ƙiba abinsu.

Aka kira mai gadi, Malam Abdussamadu, wani dattijo masunci da Kawu ya ɗauko daga Gulma. Ko a jikinsa.

"Hajiya, ni nis saka su," ya ce. "Tun damina ruwa ka tsattsahowa nan, sauro ya hana mu sakat. Ƙauyenmu in rijiya ta yi tsutsa, tarwaɗa aka jehwa mata. Kin ga yanzu ruwan ya yi garau."

Da gaskiyarsa, ruwan garau yake, shi ya sa ma na ga komai. Ƙaton sifirin na naɗaɗɗen ƙarfe da zai tare lif in ya zarce ƙasa, tsatsa ta cinye gindinsa. Makunnin da ke tsayar da lif in an sami matsala kuwa, an zagaye shi da guntuwar waya don kada ya yi aiki. Na juya na dubi Anayo.

"Madam, tsayawa yake yi kullum saboda danshi," ya ce a hankali. "Alhaji ya ce in yi dabara zuwa Asabar. Na faɗa masa ba kyau."

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma tsoro ya kama ni, don na san su wa za su cika lif ɗin nan ranar Asabar: matan gidanmu da jikoki, da tsofaffin da ba su iya hawa matakala. Na fito na gaya wa Kawu sai an kwashe ruwa, an toshe inda yake shigowa, an sake sifirin da makunni.

"Kwana nawa?"

"Kamar mako ukku, Kawu. Sai an kawo kaya daga Legas."

Dariyar ta ɗauke. "Na gayyato mutane tun daga Argungu har Sakkwato. Kina son in ce musu mi? Ɗiyar da nir rena ta rufe min gida saboda kifi?"

"Ba gidan zan rufe ba, lif ɗin ne. A buɗe masauki, a hau da ƙafa."

"In ba ki sa hannu, kada ki ƙara taka gidana."

Ban taɓa jin magana ta soke ni irin wannan ba. Na ciro kwaɗo daga jaka, na datse akwatin wutar lif, na manna jar takarda a ƙofa. Na dawo na durƙusa na yi masa sallama, ya kau da kai. A mota na yi kukana, mabuɗin yana cikin tafin hannuna.

An yi buki ba ni. Mahaifiyata ta kira ta yi mini faɗa har cajin wayarta ya ƙare.

Ranar Litinin na koma, tunda gidansa ya hana ni, bai hana ni wurin aikina ba. Tun daga titi na ji ƙarar injin ban-ruwa. Na gonarsa ne ya sa aka ɗauko daga Gulma, ga tiyo ya fito ta ƙofar lif yana amai a kwata. Kawu na zaune a kujera. Na gaishe shi, bai amsa ba. Sai ya dubi Anayo.

"Ka ce mata an kwashe ruwan. Ta duba ta sa hannu."

Na sauka ramin. Ya bushe, an ma share shi. Na taɓa gindin sifirin da sifana, tsatsa ta zubo kamar garin kuka. Na hau na tsaya gabansa, ina kallon ƙasa kamar yadda ya koya mini.

"Anayo, ka ce wa Kawu an gode, amma da saura. Zan dawo Litinin mai zuwa."

Na mayar da biro cikin jaka.