Likkafanin Hajja Sodangi

Hajja Sodangi ta jefa farin ƙyallen a kan masaƙar Mujtaba, har ƙoshiya ta suɓuce daga hannunsa.

"Mine ne wanga?"

"Saƙarki ce, Inna."

"Saƙar uwaka!"

Shekara biyu ta yi tana kaɗa audugar gonarta don a saƙa mata likkafani tun da ranta, saboda ba ta yarda a naɗe ta da yadin kanti ba. Ta zaro zare ɗaya daga gefen ƙyallen, ta kai masa har hanci.

"Duk garin Mai Wurno an san ni bahagwa ce. Mazarina hagu yake juyawa, zarena hagu yake murɗewa. Wanga na dama ne, na kamfani. Ina nawa?"

Mujtaba ya sosa ƙeya. Saƙar zaren Hajja ce ta fito da laushi fiye da kima, Nasiba matar mai motar zuwa Sinja ta gani ta nace sai ta saya. Sai ya sa mata baki shuɗi, ta zama tob, mayafin fita unguwa.

"Na ga ai ƙasa ba ta duba zare, Inna."

Da jin wadda ta saya, Hajja ba ta tsaya ba. A wani gidan suna ta iske Nasiba, tana tsakiyar mata da finjalin gahawa, ana shafa tob ɗin ana tambayar inda ta samo. Hajja ta zauna kusa da ita, ta kama gefensa tana murzawa.

"Masha Allah, ɗiyata, ya karɓe ki. Ni dai na so sai an yi mini wanka in sa shi, amma tunda kin riga ni shiga, Allah ya sa ki dace."

"Wane wanka, Hajja?"

"Na gawa mana. Likkafanina ne."

Finjalin ya faɗi. Nasiba ta warware tob ɗin kamar ya kama wuta, ta wurgar, ta shige ɗaki tana salati.

Hajja ta ɗauka, ta kakkaɓe. Yana ƙamshin turaren wuta, ga shuɗin bakin yana ɗaukar ido. Ta yafa don ta gwada tsawonsa, sai mata suka yi guɗa. Ta juya hagu, ta juya dama, ta ɗan gyara kafaɗa.

"Ruqaya," ta ce wa matar gidan, "yaushe ne ma bikin ɗiyarki?"