Ranar da Muka Kai Kyaftin Gidan Madam

Ni dai ba na shiga harkar mutane, amma tagar kicin ɗina tana kallon barandar Clarrie, to ya zan yi da idanuna?

Clarrie maƙwabcina ne a nan garinmu Mareeba, tsohon direban motar rake. Tun da matarsa ta rasu ya koma kiwon gizo-gizo. Ba irin na lungun ɗaki ba, ƙato kamar tafin hannu, gashi buzu-buzu, ƙafafu shuɗi sai ka ce an tsoma su a bula. Kyaftin yake kiransa. Shekara biyar yana kama masa gyare a bayan gida.

Ran nan na ga tsohon ya yi tagumi gaban akwatin gilashin da Kyaftin yake ciki, na leƙa ta kan shinge.

"Kai tsoho, wa ya mutu?"

"Ke Dulcie, Kyaftin ya yi saɓarsa ta ƙarshe. Namijinsu in ya kai nan, 'yan watanni suka rage masa. Ya daina ci, sai zagaye yake yana neman mace."

"To ka nema masa mana! Ko so kake ya ƙare gwauro irinka?"

"Glenys kaɗai ke da macen irinsa, Madam take kiranta. Amma in Madam ɗinta ba ta yi na'am da shi ba, cinye shi za ta yi a gabana."

Nan take na ce da ni za a je. Wa zai bari a ba shi labarin wannan biki?

Glenys tsohuwar nas ce, baki kamar reza. Da muka isa gidanta ta haɗa mana shayi, ta ce ta ɗura wa Madam gyare shida tun Litinin don kada ta ga ango ta tuna da yunwa. Sai ta miƙo min cokalin katako.

"Da zarar sun rabu, ki datse tsakaninsu. Wannan hannunsa rawa yake."

"Sanyi ne," in ji Clarrie, alhali gumi ya jiƙa masa riga.

Aka sa Kyaftin a akwatin gilashin Madam, a bakin raminta. Ya fara kiɗa da ƙafafun gaba, taf-taf-taf. Shiru. Ya sake. Can sai ga Madam ta fito, ta ninka shi biyu, haƙora a buɗe. Clarrie ya rufe ido.

"Buɗe idonka, uban ango!" Glenys ta daka masa tsawa.

Ɗan banzan nan ya tokare haƙoranta da ƙafafunsa, ya ɗaga ta sama, ya yi abin da ya kawo shi. Yana sakinta ta kawo masa sura, ni kuwa na kafa cokali a tsakani. Cizon da ta kai wa katakon har a gwiwar hannuna na ji shi.

Kyaftin bai tsaya sallama ba. Ya haye gilashi, ya bi hannun Clarrie a guje, ya lafe a kafaɗarsa.

"Ƙirga min ƙafafunsa, Dulcie, ni ba na gani sosai."

"Takwas cif. Share hawayenka kada ka jiƙa ango."

A hanyar komawa da ƙyar motar ke tafiya, wai kada a girgiza Kyaftin. Har masu keke suka riƙa wuce mu suna ɗaga mana hannu.