Mitar Wuta da Sunan Abdulwadud

Tun ranar da Abdulwadud ya hawo dutsen nan da kwalin dabino a hannu na san akwai magana. Shekara tara rabonsa da gidana.

Gidan ɗaki uku ne a kan dutse, bayan unguwar Hindawiyya. Ni na yi dakon bulonsa a kafaɗa. Amma baƙo ba ya mallakar fili a Makka, balle ni da ko iƙama, takardar izinin zama, ba ni da ita. Da za a ja mana wuta, sai aka sa mita da sunan Abdulwadud, ɗan aminina marigayi, don shi yana da takardar ɗan ƙasa. Fatiha kawai muka shafa. Wa zai ce wa ɗan amininsa ya sa hannu a takarda?

Bana aka fara shafa wa gidajen gangare jan fenti, za a rushe. Mutane na cewa a dutse, inda babu takardar fili, mai mita shi ne mai gida, shi za a biya diyya.

"Baba, wallahi tsufa ya ƙi ka," in ji shi, yana haki. "Takardun wuta na baya nake so, duka. Zan kai ofis a rubuta gidan, kada ku tashi a tutar babu."

"A rubuta da sunan wa?"

"Haba Baba! Sunan wa ke jiki?"

Matata Hanifa ta leƙo daga kicin. "Wadudu, ashe ka san hanya? Na zaci sai da lif kake hawa."

Ya yi dariya, amma idonsa na yawo a bango. Har ya tambayi 'yata Jannat ko ɗakin sama yana da banɗaki.

Na ce ya dawo jibi. Bayan la'asar na sami maƙwabcina Mukhtaru, na zayyana masa.

"Ka hana shi, ba a san da gidanka ba," in ji Mukhtaru. "Ka ba shi, gida ya zama nasa. Zaɓi wadda za ka iya haɗiyewa."

Da ya dawo, Hanifa ta ciro takardun daga ƙasan akwati, ta ɗaure da zare. Ni na miƙa masa da hannuna.

Yau kwana goma sha biyu. Sau ɗaya ya ɗaga wayata, ya ce, "In sha Allahu, Baba," ya kashe. Jiya jan fenti ya iso ƙofarmu. Ban sani ba ko domin mu ya kai takardun, ko domin kansa. Ban kuma san inda zan kai Jannat da ƙannenta ba in motar rusau ta hawo.