Aljihun da Gabdo Ya Ɗinka wa Katinsa

Duk layin teloli na kasuwar Mubi an san Malam Gabdo da taka-tsantsan. Mutum ne mai rufe shago da kwaɗo biyu, ya yi nisa, ya dawo ya girgiza su. Shi ya sa abin ya fi yi masa ciwo: cikin wata huɗu katin banki biyu suka mutu a hannunsa. Da ya tura a injin cire kuɗi, sai injin ya tofo masa kamar yaron da aka ɗura wa maɗaci.

Ranar da zai karɓo na uku, matarsa Hansai ta kafa masa sharaɗi tana zuba kunu.

"Baban Ruƙayyatu, in wannan ma ya mutu, na huɗu a akwatina zai zauna. In ka matsu ka zo ka roƙa."

"Zafin garin nan ne," in ji shi.

"Ni nawa a firji yake kwana?"

Gabdo ya sha kununsa. A ce mutum da furfurarsa ya riƙa sallama yana neman aron katinsa! In 'yan layin teloli suka ji, sai dai ya koma garin Uba da ɗinki.

Kuma ba sakaci ya yi ba. Aljihu na musamman ya ɗinka wa katin a cikin falmaran ɗin da yake sawa ƙarƙashin riga, shafi biyu saboda gumi. Don gudun masu yankan aljihu, ya ciro maɓallin tsohuwar jakar Hansai, irin mai kama kansa da kansa ya ce ƙwas, ya dasa a bakin aljihun. Da wannan ƙarar yake alfahari.

Da hantsi ya dawo da sabon kati a cikin aljihun nan, ya tsaya wurin maƙwabcinsa Nehemiah, mutumin Michika mai gyaran rediyo da sifika. Ya duƙa kan teburin yana ba shi labarin layin banki, Nehemiah kuwa sai laluben teburi yake yi.

"Maƙwabci, ɗaga hannu. Ƙusa ɗaya ta ɓace mini."

Suka duba ƙasa, suka duba ƙarƙashin rediyo. Da Gabdo ya miƙe, sai ga 'yar ƙusar maƙale a ƙirjinsa, a kan riga, kamar lambar yabo.

Nehemiah ya cire ta, ya saki. Ta koma.

"Oga tela, ko dai ka sha maganin ƙarfe ne ya yi yawa?"

Gabdo ya ɗaga riga ya nuna aljihun. Nehemiah ya yi dariya har da riƙe teburi.

"Mayen ƙarfe ne fa a cikin maɓallin nan, irin na bayan sifika! Baƙin layin da ke bayan kati, shi yake shafewa. Kullum kana kwantar da akuya a ɗakin kura, kana zagin banki!"

Gabdo bai tsaya jin sauran ba. Awa guda ke nan katin na ciki. Ya zaro shi, ya cusa a hula, ya tare Keke Napep zuwa wurin injin cire kuɗi. Duk hanya hannunsa na dafe da kai, har direban ya yi masa sannu da ciwo.

Ya bi layi, ya yi bisimilla, ya tura. Injin ya haɗiye, ya yi ɗan gurnani, ya yi shiru. Can sai ya nemi lambar sirri. Tun da aka haife shi ba a taɓa yi masa tambaya mai daɗin wannan ba.

Ya koma shago ya farke maɓallin, ya dasa na roba, irin na rigar 'yan makaranta. Ba ya cewa ƙwas. Ba ya cewa komai.

Da la'asar ya shiga gida da ƙunshin tsire, ya rataye falmaran.

"Yana da rai?" in ji Hansai.

"Lafiyarsa lau. Na gano matsalar da kaina."

Ta dubi aljihun, ta dubi maɓallin roba, ta miƙa hannu.

"Katin?" in ji shi.

"Riƙe abinka. Maɓallin jakata za ka ba ni. Wata huɗu ina ɗaure ta da tsumma."

Ya laluba ya miƙa mata, da allura biyu maƙale a jiki. Ta ce allurai ladan haƙuri ne. Ya buɗe tsiren, ya tura mata ɓangaren da ya fi kitse.