Injin Bayan Gidan Olive

Tayyiba ta baro garin Beltsville na Amurka da niyyar komawa kafin magariba. Injiniya ce mai auna hayaƙin da injuna ke fitarwa, kamfaninsu ya tura ta wani ɗan tsibiri a tsakiyar mashigin Chesapeake. Tun da wayar lantarkin da ke bi ta ƙarƙashin ruwa ta lalace, wani tsohon injin dizal ne kaɗai ke ba mutanen wurin wuta. Ta bar 'yarta Umaima a hannun maƙwabciyarta Najiba, ta ce wuni guda ne.

Tana cikin awo sanyi ya sauko. Kafin la'asar ruwa ya daskare, mai jirgin ruwan da ya kawo ta ya ce ba inda za shi sai ƙanƙara ta saki.

Babu masauki a tsibirin. Wata tsohuwa, Olive, wadda mijinta mai kamun ƙaguwa ya rasu tuntuni, ita ta ba ta ɗaki. Injin na bayan gidan ne, duk hayaƙin da iska ta kwaso a gidan yake sauka. Labule ya yi baƙi, har shayi warin mai yake. Olive kuwa ba ta rabuwa da robar da ke hancinta, wadda ke haɗe da na'urar taimakon numfashi a gefen kujerarta.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Kullum da safe Tayyiba sai ta taka zuwa bakin ruwa, ta tarar da shi fari fat, ta juyo. Tsibirin kaf ba ya cin tafiyar awa guda. Idan ta kira gida, Umaima takan tambaye ta da Turanci yaushe za ta dawo, ita kuma ta amsa da Hausa cewa in sha Allahu gobe, har yarinyar ta daina tambaya. Shugabarta Linda ma ta matsa a aiko sakamako, ta ce idan hayaƙin ya wuce ƙa'ida hukuma na iya sa a kashe injin. Ya wuce kuwa, nesa ba kusa ba.

Wata rana suna cin abinci Olive ta tambaye ta abin da ta gano.

"Mama, hayaƙin nan shi ke cin huhunki," in ji Tayyiba.

"Na sani, 'yata." Ta dafa na'urar. "Wannan kuma da wutar injin take aiki."

Tayyiba ta ture kwanon abincinta gefe.

Ranar da jirgin fasa ƙanƙara ya iso, ta roƙi Olive ta biyo ta a duba ta a asibiti. Tsohuwar ta ce duk tsaranta da suka haye ba wanda ya dawo, ta cusa mata burodi a jaka.

Tayyiba ta aika sakamakon yadda yake, ta haɗa da roƙon kada a kashe injin sai an gyara wayar. Maganar ta maƙale tsakanin ofisoshi. Har bazara ta shigo ba a kashe shi ba, ba a kuma gyara komai ba. Takan kira Olive ranar Lahadi. Tsohuwar na magana tana hutawa, ita kuma tana jira, ƙugin injin na shigowa ta wayar.