Hancin Rumbidzai

Wilfred Jantjies yana cikin naɗe kwalba ta biyar da tsohuwar jarida ya jiyo dariyar Rumbidzai daga ƙofar kicin. Bai ɗaga kai ba. Ya ja salatif da haƙori, ya liƙe jaridar, ya rubuta lamba a jikinta da jan biro.

Litinin ce, ranar da gidan abincin ba ya buɗewa. Kujeru duk a kife bisa tebura, sai tebur ɗaya da aka shimfiɗa wa farin ƙyalle kusa da taga, inda hasken safiya ya fi shigowa. Tannie Riana, wato Inna Riana, mai gidan abincin, ta ce tun da aljihun mutanen Cape Town ya yi sanyi, ba wanda ke tambayar manyan kwalabe kuma. Ma'aurata su zo su ci kifi su kora da ruwan famfo. Don haka za a sake jerin giyar inabi ɗungurungum: kala takwas kacal, fara huɗu, ja huɗu, kada ko ɗaya ta wuce rand ɗari biyu a tebur. Dillalai sun turo samfur kwali-kwali. Yau za a ɗanɗana su a rufe, don kada sunan gona ya ruɗi kowa.

Wannan duk bai dami Wilfred ba. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne ƙarshen maganarta: "Rumbi za ta zaɓa. Kai ka naɗe mana kwalaben, ka zuba."

Ka naɗe, ka zuba. Shekara ashirin da biyu yana shugaban masu sabis a nan. A gonar inabi aka haife shi, can wajen Wellington, ubansa da almakashin sassabe a hannu ya tsufa. Ita kuwa wannan yarinya shekara huɗu da suka wuce ta sauko daga motar Masvingo da jaka ɗaya, aka ɗauke ta wankin kwanuka. Ba ta taɓa sa giya a baki ba. Ranar da ta fara ɗanɗanawa sai da ta yamutsa fuska ta ce magani ne. Shi ya koya mata yadda ake cire toshiya ba tare da ta karye ba. Daga nan ta shiga karatun giya ranakun hutunta, ta ci jarrabawa biyu, yanzu ga wani ɗan ƙarfe mai siffar nonon inabi maƙale a ƙirjin rigarta.

"Ina kwana, Oom Wilfred," Rumbi ta ce, tana rataye jakarta. Oom take kiransa, wato kawu.

"Lafiya lau, Farfesa."

"Kai, Oom."

"To me zan ce? Mu da ba mu da lambar yabo a ƙirji."

Bra Zolile, kukun gidan, ya leƙo ta tagar miƙa abinci da wuƙa a hannu. "Bari a manna maka murfin lemo, tsoho, ka huta da ƙorafi."

"Kai dai ji da albasarka."

Akwai abin da babu wanda Wilfred ya faɗa wa, har matarsa. Shekara uku ke nan da zazzaɓin korona ya kwantar da shi mako biyu. Ya tashi lafiya, amma hancinsa bai tashi tare da shi ba. Kofi, turare, hayaƙin mota, duk ɗaya. Harshensa yana gane zaƙi da tsami da bauri, iyakarta ke nan. Tun daga lokacin yake kai tambulan hanci a gaban baƙi, ya lumshe ido, ya karanto musu abin da ya haddace tun zamanin da yake ji. Duk ranar da ya ga Rumbi ta shaƙi tambulan fuskarta ta sauya, sai ya ji kamar mayunwaci a bakin tagar masu walima.

Ya dubi kicin. Zolile ya juya baya, Rumbi ta shiga wanko tambula. A ƙarƙashin kantar kicin akwai katon, wato kwalin giyar girki mai ɗan famfo, wadda Zolile ke kwarara wa miyar kifi. Wilfred ya ɗauki wata kwalba da ba komai a ciki, ya tara ta a famfon har wuya, ya naɗe da jarida, ya rubuta shida. Ba wanda ya ƙirga samfuran balle a gane an yi ƙari. Bari Farfesa ta yi mata kirari a gaban uwar ɗakinta, a ga ƙarshen karatu.

Ƙarfe goma Tannie Riana ta iso da tabarau a goshi, tana mitar cunkoson hanya. Suka zauna su biyu, Wilfred a tsaye da tawul a hannu, bokitin tofarwa a tsakiya. Aka fara da farar.

Rumbi ba ta gaggawa. Sai ta karkata tambulan ta duba, ta juya shi, ta sa hanci, ta kurɓa, ta tofar. Ta ɗaya ta ce ruwa ce da aka yi wa kwalliya. Ta biyu zaƙinta ya yi yawa, zai kashe ɗanɗanon kifi. A ta uku ta yi murmushi.

"Gwaiba. Irin wadda ta nuna ta faɗo da kanta, kafin tsuntsu ya taɓa ta. Wannan mu riƙe ta, Tannie."

Tannie Riana ta shaƙa. "Kai, haka ne fa! Wilfred, ka ji?"

Ya kai hanci. Babu komai, kamar ya shaƙi iska. "Ba laifi," ya ce.

Da aka zo ta shida, ya zuba musu. Rumbi ta shaƙa sau biyu. Ta kurɓa, ta daɗe ba ta tofar ba.

"Wannan ba ta da dogon labari," ta ce. "Amma ba ta ƙarya. Tsaminta a tsaye yake, ba ta barin ɗaci a maƙogwaro. Da soyayyen kifi da dankali, mutum zai sha tambulan biyu bai sani ba. In tana da araha, ita za mu riƙa sayarwa tambulan-tambulan."

Wilfred ya ji daɗi ya ratsa shi har yatsun ƙafa. Da ƙyar ya daure aka gama sauran ukun. Da aka zo yage jaridu, shi ya fara kai hannu kan ta shida.

"To, ga wadda ba ta ƙarya," ya ce, murya a sama. "Bra Zolile! Zo ka ga ruwan miyarka ya ci jarrabawa. Daga katon ƙarƙashin kanta na tsiyayo ta."

Ya yi dariya shi kaɗai. Zolile ya fito yana goge hannu, ya dubi Rumbi, ya dubi Wilfred. Rumbi ta sunkuyar da kai tana gyara biro a kan takardarta.

Tannie Riana ta sauko da tabarau kan hanci. "Wannan ta girki ce?"

"Ita ce."

Ta sake kurɓa. "Zolile, daga ina muke samunta?"

"Wata ƙungiyar manoma ce can Robertson. Suna zuba ta a kwalba ma, ba wanda ke tambaya ne kawai."

"Shekara nawa muna zuba wannan a tukunya?" Ta buga tebur tana dariya. "Ka gani ko, Wilfred? Abin da nake faɗa ke nan. Ni da kai da mun ga katon da mun kau da kai. Ita hancinta ba ruwansa da suna. Rumbi, rubuta ta a sama."

Rumbi ta rubuta. Ba ta dube shi ba. Shi kuwa ya kwashe tambulan ya nufi wurin wanki, kunnuwansa suna zafi. Zolile ya bi shi a baya, ya rage murya.

"Tsoho, in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere."

"Wasa nake yi."

"Mun gani. Kowa ya yi dariya."

Aka koma kan ja. Wilfred yana zubawa ba ya magana. Ta goma sha biyu Rumbi ta ce tana tuna mata hayaƙin murhun kakarta, ta goma sha uku ta ce bauri ne zalla, sai ta shekara biyu kafin ta yi hankali. Kowace kalma tata sai ya ji kamar daga aljihunsa ta zare ta.

Ta goma sha huɗu ya san ta, don shi ya naɗe ta. Daga gonar da aka haife shi ta fito, kuma shi ya sa dillalin ya haɗo da ita. Wannan kam ba ya bukatar hanci.

"Ka yi shiru da yawa," Tannie Riana ta ce. "Fara faɗa mana wannan, kafin Rumbi."

Ya zuba wa kansa, ya juya tambulan yadda ya saba, ya lumshe ido.

"Wannan ita ce giya," ya ce. "Ƙamshin ɗan itacen nan, baƙin fulam da ya nuna, ɗan yaji-yaji a ƙarshe. Tsabta kamar ruwan dutse. In ba a sa wannan a jeri ba, an yi asarar zama."

Da ya buɗe ido ya ga Rumbi ta kai nata tambulan hanci ta janye da sauri. Ta dube shi, karo na farko tun ɗazu. Nan take ya gane. Kwalbar ta lalace. Tun yana saurayi ya san wannan ciwo: toshiya ta ruɓe, giya ta ɗauki warin jiƙaƙƙen kwali, warin da ko sabon shiga ba zai kasa ji ba. Shi kuwa ya tsaya yana yi mata kirarin tsabta. Tannie Riana ta riga ta ɗaga nata, saura kaɗan ya kai hanci.

Rumbi ta miƙa hannu ta rufe bakin tambulan ɗin.

"Kada ki wahalar da kanki, Tannie, toshiya ta ɓata ta." Ta juyo da murmushin da bai kai ido ba. "Sau biyu a rana ɗaya, Oom? So kake ka ga ko zan bi bakinka in ce tsabta? Wannan tarkon ya yi girma da yawa."

Tannie Riana ta janye hannun Rumbi, ta shaƙa, ta toshe hanci. "Kai! Kamar jiƙaƙƙen kare. Wilfred, kai mugun malami ne. Har da lumshe ido!" Ta share hawayen dariya. "Akwai wata kwalbar irinta? Ku je ku duba, ni bari in amsa wayar mai kifi."

Ɗakin ajiyar giya ƙarami ne, mai sanyi, mutum biyu sai sun yi kafaɗa da kafaɗa. Wilfred ya sami kwalba ta biyu a ƙasan kwali. Ya riƙe ta bai miƙa ba.

"Tun yaushe kika sani?"

"Shekara biyu. Ranar da madara ta ƙone a kicin. Kowa yana tari, kai kana tsaye kusa da tukunyar kana ba da labari."

"Kika yi shiru."

"Ba maganata ba ce."

"Da kin faɗa ɗazu. Na ba ki dalili."

"Ka ba ni." Ta ɗago ta dube shi. "Abin ya yi mini ciwo, Oom. Uwata tana nuna wa maƙwabta hotona da wannan ƙarfen. Kai kuma kana so a yi mini dariya a gaban Tannie."

Ya so ya ce ta yi haƙuri, kalmar ta ƙi fitowa. Da ta tona shi da ya fi masa sauƙi, ko ba komai da ya sami abin riƙewa a kanta. Yanzu ga hanci a wurinta, ga jeri a wurinta, ga shi ta haɗa da halin kirki. Me ta rage masa?

Ya ciro mabuɗin kwalba daga aljihu, ya zare toshiyar a hankali ba ƙara, ya zuba mata kaɗan.

"Faɗa mini me ke ciki."

Ta shaƙa. "Wannan lafiyarta ƙalau. Fulam ɗin da ka ce yana nan. Yajin ma. Sai wani abu kamar... busasshen ganye."

"Ba ganye ba ne," ya ce da sauri. "Reshen inabi ne. In an gama sassabe a watan Yuli, ana tara rassan a ƙona su a bakin gona, da sanyin safiya, ƙasa a jiƙe. Wannan hayaƙin ne. Ba a karanta shi a littafi."

Rumbi ta sake sa hanci, ta daɗe. Sannan ta gyaɗa kai.

"Haka ne. Yana nan."

Ta jingina takardarta a jikin kwali, ta rubuta giyar a layi na huɗu, ta rubuta maganarsa a gefe kalma da kalma.

Wilfred ya tsura wa fuskarta ido yana neman alama. Da gaske ta ji hayaƙin, ko tausayinsa ne ya sa ta ce yana nan? Fuskar ba ta gaya masa komai ba. Ta wuce shi ta fita da takardar, tana kiran Tannie Riana.

Ya ɗauki tambulan da ta bari, ya leƙa ƙofa ya tabbata ba mai ganinsa, ya sa hanci a ciki, ya ja numfashi har ƙirjinsa ya cika.